Azumin da Aka Ɗaura wa Baba Lasifika

Mijin yayata ya yi 'yan shekaru a Kaduna yana goge ƙura a shagon wani mai sayar da kayan lantarki, sannan ya dawo Rogo da manyan lasifiku biyu, da akwatin da ke tura musu murya, da janareta mai tari kamar tsohon jaki, da kuma kalma guda ta Turanci. Kayan kowa ya gan su a bayan a-kori-kura. Kalmar kuwa sai da ya buɗe baki.

"Sawun."

Haka yake faɗinta. A rubuce akwai wani harafi a ƙarshenta, amma ban taɓa jin harshensa ya kai can ba. Ni Turanci nake koyarwa a makarantar sakandaren 'yan mata a Karaye, don haka na san kalmar tun kafin ya tsinto ta. Ma'anarta ta farko sauti, wato duk abin da kunne ke ɗauka, daga kukan jariri har tsawa. Amma masu harshen suna kuma faɗinta ga abin da yake lafiya lau: katangar da ba ta tsage ba, shawara mai kan gado, barci mai nauyi, mutumin da hankalinsa ke daidai. Shi dai ya ji ana jefa ta nan da can a shagon ubangidansa, sai ya kwashe ta gaba ɗaya ya zuba a aljihu. Kayan kiɗansa sawun ne. Babur ɗinsa sawun ne. Idan Yaya ta yi miyar kuka ta yi daɗi, sawun ce. Ɗan siyasar da ya taɓa miƙa masa hannu a wajen ɗaurin aure, shi ma sawun ne. Ya kuma ce daga yanzu a riƙa kiransa Injiniya, mutumin da ko fis ya ƙone sai ya aika a kira yaron maƙota.

Ranar da ya fara zuwa gaisuwa gidanmu bayan dawowarsa, a ƙauyenmu da ke yankin Kafin Dafga, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, aka yi gaisuwar nan mai tsawo, ya hanya, ya mutanen gida, ya aka ji da rana. Da aka zo ƙarshe sai ya dubi ragon da ke ɗaure a turke ya ce, "Inna, wannan ragon ai sawun ne."

Inna ta leƙo ta dubi ƙasa. "Sawun wa? Wani abu ya shigo ne?"

Ya yi dariya har da dukan cinya, irin dariyar wanda ya ga duniya yana tausayin waɗanda ba su gani ba. Ni ina gefe ina tankaɗe, na ci gaba da aikina. Tsakanina da shi akwai wasa, kasancewar ni ƙanwar matarsa ce, amma wasa ma sai da wanda ake jin daɗinsa.

Baba malami ne, amma ba irin waɗanda ake kai wa kujerar Makka ba. Manomi ne mai gero da gyaɗa, da 'yan littattafansa a cikin gafaka. Kowace shekara idan azumi ya kama, yakan zauna a zaurenmu bayan la'asar ya yi tafsiri. Mai ja masa baƙi wani tsohon abokin karatunsa ne daga Kurugu, da yake zuwa a keke. Shi ya karanta aya, Baba ya fassara. Muryar Baba ƙarama ce tun asali, ga tsufa ya ƙara cinye ta, saboda haka duk mai son ji sai ya matso. Dattawan unguwa da na ƙauyukan kusa haka suke zama, gwiwa na taɓa gwiwa, wani ya kanga tafinsa a bayan kunne. Mu mata mukan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar zauren ta cikin gida. Idan an shafa fatiha sai tambayoyi, kuma a nan ne daɗin yake, don mutane ne da suka san juna tun suna kiwon awaki. Ba mai jin nauyin tambayar abin da bai sani ba.

A shekarar da nake ba da labari azumi ya faɗo cikin hutun makaranta, ina gida. Ana saura kwanaki kaɗan a ga wata sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, Injiniya a gaba ya sa baƙin tabarau.

Ya durƙusa gaban Baba. "Allah gafarta Malam, na daɗe ina jin ciwon abin nan. Ilimi irin naka, amma yana ƙarewa a cikin zaure. Bana na yi niyya fi sabilillahi, sai an ji ka har Kurugu."

Baba ya ce, "Ai mutanen Kurugu da ke son ji suna zuwa."

"Waɗanda ba sa zuwa fa, Malam? Mata fa? Marasa lafiya fa? Ai ladan ya fi yawa idan akwai sawun."

Na san Baba ba ya so. Na gani a yadda yake murza gefen buzunsa. Amma mutum ne da ba ya iya kallon idon surukinsa, balle ya ce masa a'a, kuma an riga an sako sunan Allah a maganar. Ya ce, "To, Allah ya ba da lada." Da wannan aka gama.

Aka ɗaura lasifikun a kan darbejiyar ƙofar gida, ɗaya na kallon gari, ɗaya na kallon hanya. Janareta aka ajiye shi dab da tagar zaure, don wayar ba ta kai nesa ba, hayaƙinsa na shiga kan mutanen da suka wuni ba su sha ruwa ba. Makirfo biyu ne. Ɗaya mai waya aka kafa gaban Baba da mai jan baƙi. Ɗayan marar waya ne, na Injiniya, yana yawo da shi a aljihun gaban rigarsa kansa ya leƙo waje, yadda wasu ke saka biro don a san sun yi boko.

Ranar farko, kafin Baba ya yi bisimilla, sai da muka sha gwaji. "Wan, tu. Wan, tu. Gwaji, gwaji." Kaji suka watse. Sannan Injiniya ya murɗa wani maɓalli da ke sa murya ta riƙa amsa kuwwa, wai haka ake yi wa manyan malamai a birni. Baba ya ce "Allah", darbejiya ta maimaita sau ba adadi, kafin ta farko ta mutu ta biyu ta hau kanta. Fassarar da muka saba ji tsaf kamar ana zare zare daga abawa ta koma kamar ana magana a cikin rijiya. Na aika a ce wa Injiniya ya rage. Ya zo bakin ƙofa da kansa.

"Malama, ke Turancin littafi kika sani. Wannan harkar sawun ce, ki bar wa masu ita."

Da aka shafa fatiha kuma sai ya zaro nasa makirfon ya sanar wa duniya cewa wannan karatu yana zuwa ne da taimakon kayan Injiniya na Rogo, masu zuwa biki da suna da taron siyasa, kowane lungu, kowane lokaci. Fi sabilillahi ke nan.

Ban manta da ranar da tambayoyi suka mutu ba. Akwai wani dattijo, maƙocinmu, mutum mai kamun kai, wanda jikokinsa sun yi aure. Ya matso kusa da Baba kamar yadda ya saba, ya sassauta murya, ya yi tambaya a kan wata lalura da tsufa ya kawo masa, yadda fitsari ke ɗiga masa bayan ya yi alwala, ko sallarsa tana yi. Tambayar da da a cikin zaure za ta tsaya, tsakanin tsofaffin da rabinsu suna fama da irinta. Makirfo ya ɗauke ta ya miƙa wa darbejiya, darbejiya ta raba wa gari har da maimaici. Mata a bakin murhu suka ji. Matasa a teburin mai shayi da ba a buɗe ba suka ji. Dattijon bai gane ba sai da ya fito ya ga yadda ake sunkuyar da kai. Bai sake zuwa ba har azumi ya ƙare, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara tambayar ko da hukuncin asuwaki.

Sauran ma suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ba don fushi ba. Mutum yana azumi, rana ta dake shi, ga karatu na iske shi har kan tabarmarsa a gida, me zai fito yi cikin hayaƙin janareta? Kafin a kai tsakiyar wata zauren da ba a samun wurin miƙe ƙafa ya koma Baba, da mai jan baƙi, da wasu tsofaffi ƙalilan da kunnensu ya yi nauyin da hayaniyar ba ta dame su ba. Injiniya kuwa murna yake. Kullum sai ya shigo ya ba Inna labari wai wani a hanyar Rogo Ruma ya ce ya jiyo. Bai taɓa lura cewa zauren ya zama kango ba, don shi ba ya zama a ciki. Yana waje a kan benci kusa da akwatinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murɗa wannan yana murɗa wancan, yana amsa waya.

Akwai abin da mu 'yan gida muka sani ba ma faɗa. Tun damina Baba ya fara mantuwa. Ba mai yawa ba. Zai fassara aya, ya yi shiru, ya sake fassara ta kamar bai yi ba. Ko ya kama labarin wani annabi ya ɓace masa a tsakiya. Abokinsa ya san da haka, kuma yana da dabararsa: ya ɗan taɓa gwiwar Baba, ya raɗa masa kalmar da ta gudu, Baba ya ɗora. A da ko na kusa ba sa lura, waɗanda suka lura kuma ba za su nuna ba. Yanzu raɗar ma sai ta hau bishiya. Duk garin ya riƙa jin ana cewa, "Mun wuce nan, Malam," sau uku sau huɗu, darbejiya na nanatawa.

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke a bakin rijiyar gida, Injiniya ya shigo neman ruwan da zai wanke hannunsa da ya yi baƙin mai. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Malama, tsakani da Allah, Baba kuwa sawun ne?" Ya ɗora yatsa a gefen kansa ya ƙwanƙwasa.

Na ce, "Ga buta nan."

"A'a, ni fa don kayana nake tambaya. Kin san mutane idan suka ji abu ba daidai ba sai su ce laifin injin ne."

Na ɗauki kwanukana na bar masa wurin. Da na buɗe baki a lokacin, da azumina bai kai labari ba.

Abin ya faru ne cikin goman ƙarshe. Ranar zafi ya yi yawa, Baba ya tsaya a tsakiyar wata aya ya yi shirun nan nasa, mai jan baƙi yana jira ya ga ko za ta dawo masa da kanta. Cikin wannan shirun sai muka ji waƙar kiran waya ta fito daga bishiya, sannan muryar Injiniya, tas, ba amsa kuwwa, don nasa makirfon bai sa masa ba. Ashe da ya gama gwajinsa na farkon karatu ya mayar da shi aljihu bai kashe ba, ya zagaya bayan zaure don ya guje wa ƙarar janareta.

"Ranka ya daɗe! Wallahi ina ƙauye, wajen surukina. A'a, wane irin aiki, gwaji dai nake wa kayan kafin ku fara kamfe, ka san ba a barin inji a zaune." Ya saurara. "Haba, wa zai zo? Ai tsohon ba sawun ba ne yanzu. Sam. Ba sawun ba ne." Sai dariyar nan tasa, har muna jin tafinsa na sauka a cinya. "Kai dai bari. Bayan salla ina nan tafe."

Ludayin da ke hannun Inna ya tsaya a cikin ƙullun kunu. A zaure ba wanda ya motsa. Can sai na ji muryar mai jan baƙi, bai damu da makirfo ba, ya sake karanta ayar daga farko, a hankali, Baba ya fassara ta daidai, suka ci gaba har inda suka saba tsayawa. Wani ne daga cikin matasan waje ya zagaya ya nuna wa Injiniya aljihunsa. Muka ji "Innalillahi", muka ji ƙit. Kafin a kira magariba ya hau babur ɗinsa ya tafi Rogo, ko kunun da aka zuba masa bai tsaya sha ba.

Bayan an sha ruwa an yi salla, Baba ya aiko a kira ni. Yana zaune a tsakar gida kan buzu, kwanon kunu a gabansa bai sha rabi ba.

"'Yar nan, ke ce mai Turancin gidan nan. Kalmar nan da yaron nan ke yawan faɗi, mene ne fassararta?"

Na ce, "Baba, tana nufin sauti. Murya, ko ƙara."

"To. Ita ke nan?"

Mutumin da ya shekara yana bin kalma ɗaya ta Larabci yana ware mata fuskoki ba za a rufe shi da rabin fassara ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Tana kuma nufin abin da yake lafiya, ba shi da tawaya."

"Kamar jiki."

"E, Baba."

"Kamar hankali."

Na ƙara sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi ya ba shi amsar da yake jira. Ya ce, "Ashe kalma ce mai faɗi. Tashi ki je ki ci abinci."

Washegari da safe sai ga Injiniya ya dawo, ya ɗauko Yaya a bayan babur, idanunta sun kumbura. Labari ya riga shi isa Rogo. Ya cire tabarau, ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya zube gaban Baba har goshinsa na neman ƙasa. Mai jan baƙi yana nan, don ranar ya yi sammako, na san kuma ba don karatu ba. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta. Aka yi gaisuwa, ya kwanan iyali, ya ibada, ya gajiyar jiya, kamar ba abin da ya faru. Sannan ya fara.

Na zaci zai ce ya yi kuskure a yafe masa. Wannan ko yaro ya iya. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi kuwa ya kwana yana saƙa tasa.

"Allah gafarta Malam, na ji an juya maganata, kuma duk rashin sanin Turanci ne ya jawo. Kalmar nan sawun, ma'anarta murya. Abin da na ce wa mutumin nan shi ne muryar Malam ba ta fita sosai yanzu, shi ya sa na kawo kayan taimako. Gwajin da na ce kuwa, ai kowane inji kullum cikin gwaji yake. Wallahi ko a littafi aka duba haka take." Ya waiwayo ya same ni a inda nake tsaye jikin rumbu. "Alhamdu lillahi ga Malama nan. Malama, don Allah faɗa musu. Sawun ba murya ba ce?"

A rayuwata ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a wannan lokacin ba. Ba don zagin ba. Mutane suna zagin surukansu a bayan ido tun kafin a haife mu. Sai don yadda ya dube ni, ido cikin ido, ya san na sani, ya san yatsansa a gefen kansa a bakin rijiya yana nan a raina, amma ya lissafa cewa ba zan tona shi a gaban yayata ba. Kalma ɗaya tak ya mallaka a harshen mutane, ita ma bai iya ƙarasa faɗinta ba, amma ya gano tana da ƙofar baya, kuma ni yake so in riƙe masa ƙyauren ya fita.

Yaya ta ɗago ta kalle ni. 'Ya'yanta huɗu ne a gidansa.

Na buɗe baki, wallahi ban san me zai fito ba, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ba a sa ƙaramin gida shaida tsakanin manya. Na riga na tambaye ta jiya, ta kuma gaya mini duka fuskokin." Ya juya ya dubi Injiniya. "Ko wacce ka nufa, ba ka yi ƙarya ba. Muryar ta tafi. Kan ma ya fara bin ta, na fi kowa sani. Abin da ban sani ba shi ne gwaji ake yi da ni. Yanzu tunda an gwada an ga kayan suna aiki, sai a sauke su, kada rana ta lalata maka."

"Malam, ai saura kwana kaɗan a sauke karatu, a bari mana a ƙarasa."

Mai jan baƙi ne ya amsa, bai ko kalle shi ba. "An ce ka sauke."

Injiniya ya hau darbejiya da kansa, don ba matashin da ya taya shi. Ina kallonsa ta saman katanga, babbar riga ta sarƙe a reshe, yana kwance igiya da haƙori. Da ya zo tafiya ya leƙo ya yi wa Inna sallama, har ya samu bakin cewa ai dama janaretan yana bukatar a sauya masa mai. Inna ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba. Yaya ta kwana biyu a gida sannan Baba ya ce ta koma ɗakinta, ita ba ta yi wa kowa laifi ba.

Zan so in ce zaure ya sake cika a ranar. Bai cika ba. Wasu sun dawo, wasu sun riga sun saba da zaman gida, maƙocinmu mai tambaya kuwa sai a azumin da ya biyo baya ya sake shigowa, ya zauna can baya. Baba ya ƙarasa karatun shekarar, ya yi na shekara mai zuwa da taimakon abokinsa, daga nan mantuwar ta yi ƙarfin da shi da kansa ya ce a nemi wani. Ya rayu bayan haka yana zama a zaure ana karatu yana saurare, wani lokaci leɓɓansa na bin ayar. Bai taɓa tayar da maganar surukinsa ba, kuma duk sallar da ya zo gaisuwa sai ya sa an ba shi cinyar kaza. Wannan haƙurin nasa ban gaje shi ba.

Shi kuwa Injiniya, duniya ta yi masa yadda yake so. Mutumin da ya yi waya da shi ya ɗauke shi aikin kamfe, daga nan wani ya ɗauka, har ya sayi tsohuwar mota ya jera lasifiku a kanta kamar buhunan gyaɗa. A wannan ƙasa tamu mai ƙara ba ya rasa abokin ciniki. Ya yi tumbi, ya je Umara, ya ƙara Alhaji a gaban Injiniya. Na ji an ce yanzu ya samu sababbin kalmomi biyu ko uku, yana juya su kamar yadda ya juya ta farko. Muna gaisawa idan biki ko rasuwa ta haɗa mu, don zumunci ba a yanke shi saboda wawa.

Kwanakin baya na je Rogo duba Yaya da ta yi zazzaɓi, na biya kasuwa in saya mata lemo da kankana. Ina tsaye ina taya sai ga motarsa ta kunno kai tana tallar wani maganin basir, mutane na toshe kunne suna matsawa gefe. Ya hango ni daga gaban mota. Maimakon ya sauko, ko ya ɗaga hannu kamar kowa, sai ya katse tallar ya ɗauki makirfo.

"A'a, Malama! Malamar Turanci ta Karaye! Barka da zuwa Rogo! Ya hanya? Ya ɗalibai?"

Duk kasuwa ta waiwayo tana neman wace ce. Mai kankana ya ce, "Hajiya, kamar da ke ake."

Na ce, "Ban ji ba. Wannan ta nuna kuwa? Yanka mini in gani."